Layin da Abban Hanifa ya ƙi gogewa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijina Nasiru. Ban taɓa kiransa da wannan sunan ba yana raye, Abban Hanifa nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan. Ya rasu a Kuala Lumpur lokacin da korona ta fi tsanani a Maleshiya, a can aka binne shi, ni kuma na dawo Kano da 'ya'yanmu biyu. Duk shekara idan wannan watan ya kama, nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba. Har yau akwai masu girgiza kai idan an ambace shi, su ce Allah ya jiƙansa, amma dai ya yi wauta, ya zubar da aikinsa a kan ɗan wasu. Wasu a gabana suke faɗa, wasu sai na tashi. To ni ina ɗakin abin ya faru, kuma ga yadda aka yi.

Karatun digiri na uku ne ya kai mu. Yana karanta ƙididdiga a wata jami'a da ke Jalan Semarak, muna zaune a unguwar Danau Kota, hawa na goma sha huɗu. Kafin boko ya ɗauke shi ɗan ƙwallo ne, tsakiya yake bugawa a wani kulob na unguwarsu, kuma son abin bai taɓa barinsa ba. Da aka sa dokar kulle jirage suka tsaya, masu yawon zaƙulo wa kulob-kulob na Turai yara a Kudancin Amurka suka rasa hanyar tafiya. Kulob-kulob ɗin kuwa ba su daina neman yaran ba. Sai kamfanonin dillalan 'yan wasa suka koma ɗaukar mutanen da za su zauna a gida su kalli bidiyon wasanni, su ƙirga, su rubuta rahoto. Wani abokin karatunsa ne ya haɗa shi da ɗaya daga cikinsu. Da farko dariya na yi masa. Na ce yanzu kallon ƙwallon ma an mayar da shi aiki?

Aiki ne kuwa. Idan ana wasa da yamma a Kolombiya ko Ekwado, mu safiya ce a wajenmu. Yana idar da karatunsa na bayan asuba zai haɗa shayi ya buɗe kwamfuta a teburin cin abinci, Hanifa da ƙaninta suna ɗaya gefen suna darasin makaranta ta waya. Idan ya yi ihu don wani yaro ya yi abin burgewa, Hanifa takan ɗago ta ce, "Abba, diam lah," wato ya yi shiru, malama na magana. Filayen da yake kallo ba kowa a kujerun 'yan kallo, kana jin muryar koci da ƙarar ƙwallo kamar a tsakar gida. Yakan kira ni daga kicin ya ce in zo in gani. Ni ban san komai a ƙwallo ba. Shi ya koya mini cewa kowa yana iya kallon yaro idan ƙwallo na ƙafarsa, mai wannan aikin kuwa yana kallonsa ne bayan ya rabu da ita: ina ya ruga, wa ya duba, yaya yake numfashi.

A haka ya ci karo da Yeison. Yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai daga wani garin bakin teku a Kolombiya, siriri, da ƙafar hagu yake wasa, mahaifiyarsa na soya kifi tana sayarwa. Abban Hanifa ya bi wasanninsa ɗaya bayan ɗaya, har ya fara koyon Sifaniyanci a waya don ya ji abin da kocin yake faɗa masa. Rahoton da ya rubuta a kansa shi ya sa wani kulob a Turai ya nuna yana so. Aka tsara yaron zai sa hannu, ya ci gaba da wasa a gida, idan ya cika goma sha takwas ya tafi. Ranar da labarin ya zo, Abban Hanifa ya sauka ƙasa da takunkuminsa ya sayo mana ƙunshin shinkafa da kaza daga shagon abincin da ake kira mamak, muka ci kamar ɗanmu ne aka ɗauka.

Sai yaron ya kamu da korona. Ya yi makonni ba ya fita, ya warke, ya dawo fili. Kamfanin ya ce a sabunta rahoton kafin sa hannu. Abban Hanifa ya kalli wasa uku, na ga ya daina ihu. Ya kira ni ya mayar da bidiyon baya. A can gefen hoton, inda kyamara ta riga ta bi ƙwallo ta wuce, Yeison ya gama gudu, ya dafe ƙirji, ya durƙusa kamar mai ɗaure igiyar takalmi. Igiyar kuwa a ɗaure take. Ya nuna mini wani wurin, da wani. A ƙarshen rahoton, bayan duk yabon da ya yi wa yaron, ya ƙara layi ɗaya: kafin ya sake buga wasa, likitan zuciya ya duba shi.

Bayan la'asar shugaban kamfanin ya kira. Bature ne, ba zan faɗi sunansa ba. Wayar a buɗe take, ina jin su daga inda nake ninke kaya.

Ya ce, "Nasiru, rahoton ya yi kyau. Layin ƙarshen nan ne kawai za ka cire. Kai ba likita ba ne."

Abban Hanifa ya ce, "Gaskiya ne. Shi ya sa na ce a kai shi wajen likita."

"Kulob zai yi masa nasa gwajin idan ya iso."

"Sai ya cika goma sha takwas zai iso. Kafin nan wasa nawa zai buga?"

Baturen ya yi ta bayani. Ya ce idan kulob ya ga layin nan zai ja da baya, akwai yara birjik a jerin da ke gabansu, kuma yaron da uwarsa su za su fi kowa asara. Abban Hanifa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Na ji. Ba zan goge ba."

Su suka goge da kansu, suka aika rahoton da sunansa a ƙasa. Da ya gano, ya nemo adireshin likitan kulob ɗin, ya tura masa guntayen bidiyon da asalin abin da ya rubuta. Washegari aka rufe masa shafin aikin, aka aiko masa da takardar kora, har da barazanar kotu.

Ba zan yi ƙarya in ce na tafa masa ba. Wannan aikin shi ke riƙe da gidan a lokacin da babu wani aiki a gari, muna ƙasar mutane, ga yara. Na ce masa, "Abban Hanifa, yaron nan ba ɗanka ba ne, ba ɗan ƙasarku ba ne, bai ma san kana duniya ba." Na san labarin abokinsa Auwalu, wanda ya yanke jiki ya faɗi a fili suna samari, aka ɗauke shi ba rai. Kowa a gidansu ya san labarin. Abin da ban sani ba shi ya faɗa mini a ranar. Ya ce, "Auwalu ma akwai wanda ya gan shi yana dafe ƙirji sati biyu kafin ya faɗi. Ni ne. Ya roƙe ni kar in faɗa wa koci, don kar a ajiye shi a benci. Ban faɗa ba." Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ranar na fara jin wannan. Ban sake ce masa komai a kan aikin ba.

Kulob ɗin ya dakatar da maganar sa hannu. Mahaifiyar Yeison ta samu lambar wayar Abban Hanifa daga wajen dillalin da ke can, ta turo saƙon murya tana kuka tana faɗa. Ya saurara sau biyu, ya fassara mini abin da ya gane: ya rufe wa ɗanta ƙofa, shi da bai taɓa taka garinsu ba, bai san yadda suke kwana ba. Bai yi mata musu ba. Ya haɗa 'yan kalmomin Sifaniyancinsa ya rubuta mata cewa don Allah ta kai yaron asibiti. A zauren 'yan uwanmu ɗalibai na waya wasu suka ce shisshigi ne. Wansa, Yaya Kabiru, ya kira daga Kano ya ce an tura shi karatu ya je yana rigima da Turawa a kan ƙwallo.

Wata biyu bayan haka zazzaɓin korona ya kama Abban Hanifa. Da numfashinsa ya fara sarƙewa motar asibiti ta zo da hantsi, ma'aikatan cikin fararen kayan da ba a ganin ko idonsu sosai. Ya sauka da ƙafarsa, yana ce wa Hanifa ta kula da darasinta. Kwana tara ya yi. Mu ma muna killace, ba a bar ni na je ba. Ta waya na ga jana'izarsa, mutum kaɗan a sahu, rana tsaka, wani bawan Allah ɗan Maleshiya yana riƙe da wayar don in gani. Matan 'yan uwanmu na Danau Kota da wata dattijuwa maƙwabciyarmu suka dinga rataye mana abinci a hannun ƙofa, su ƙwanƙwasa su tafi. Allah ya saka musu. Ya rasu bai san yadda aka ƙare da yaron ba, abin da ya ji na ƙarshe daga can shi ne kukan uwar.

Ina haɗa kayan dawowa gida na buɗe akwatin saƙonsa don in rufe shi, na tarar da wasiƙar likitan kulob ɗin. Ya ce an matsa an yi wa Yeison gwaji a ƙasarsu, an samu kumburi a tsokar zuciyarsa, an hana shi wasa na watanni. Iyakar abin da ya rubuta ke nan, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba. Bai ce ba don gwajin ba da yaron ya mutu ba, ni ma ban sani ba, Allah ne masani. Kulob ɗin ya ɗauki wani yaron. Yeison bai je Turai ba. Yana wasa a rukuni na biyu a ƙasarsu, nakan duba sunansa a waya lokaci zuwa lokaci in ga ko an sa shi. Mahaifiyarsa ba ta sake turo saƙo ba, kuma ban riƙe ta ba. Da ɗana ne, wataƙila ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Masu cewa ya yi asara suna da abin nunawa: ba aiki, ba godiya, ba tauraron da za a ce shi ya gano. Ni tambayata gare su ɗaya ce. Da ɗanku ne a gefen hoton nan, wane irin mutum kuke so a ce yana kallo?

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Jirage sun dawo, masu zaƙulo yara sun koma filaye, kuma yaran da ake sa wa hannu sai ƙara ƙanƙanta suke yi. Abin ya iso mu ma. Unguwa-unguwa a Kano ana buɗe makarantun ƙwallo, kowane yaro da guntun bidiyonsa a waya, kowane dillali da sunan kulob a bakinsa. Na san zai yi murna, domin bai taɓa ƙin sana'ar ba. Yakan ce yaron da ya iya, haƙƙinsa ne duniya ta gan shi. Amma zai zauna da iyayen ya tambaye su ko sun karanta abin da suka dangwala wa hannu, ko sun san wanda zai ɗauki wayarsu idan yaron ya ji ciwo a ƙasar da ba su san yarenta ba. Kuma na san za a ce masa yana da taurin kai.

Watan jiya wani dillali ya zo neman Mubarak, ɗan Yaya Kabiru, mai shekara goma sha bakwai. Aka tara mu a falo, ana ta barka, takarda na kan tebur da biro a kanta. Na ce a ba ni in karanta. Na karanta shafi huɗun duka, na ce akwai wurin da ya ba dillalin ikon kai yaron duk ƙasar da ya ga dama ba tare da an tambayi uban ba, kuma babu ko kalma ɗaya a kan lafiyarsa. Na ce ba za a sa hannu ba sai lauya ya gani, sai likita ya duba shi. Dillalin ya ce tayin ba zai jira ba. Na ce to ya tafi. Yaya Kabiru ya dube ni ya ce, "Maman Hanifa, kin fara irin nasa ke nan." Na ce, "Eh, Yaya." Ya dubi takardar, sannan ya ɗauke biron ya sa a aljihu.

Abban Hanifa bai kammala digirinsa ba. Kabarinsa na wata ƙasa da 'ya'yansa ba za su iya ziyarta ranar Juma'a ba. Bai bar mana gida ba, bai bar suna a jarida ba sai wannan da nake sa shi yau. Abin da ya bari shi ne mace ɗaya da ta ga yadda ake cewa a'a ba tare da ɗaga murya ba, da yara biyu da za su ji labarin daga bakina yadda yake, har da na Auwalu. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Mubarak yana fushi da ni, ko gaishe ni ba ya yi sosai. Ranar Litinin ƙarfe takwas zan je in ɗauke shi mu tafi asibiti.