Yadda Na Sa Baki a Injin Surukina

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, kuma ba ni na tsayar da shi ba, babana ne ya ce zuga-zugi sun fi allo bukatata. Na faɗi wannan da wuri don kada wani ya ɗauka injiniya ne ke magana. Maƙeri ne ɗan maƙeri daga Ƙofar Dumi, wanda ciwon gwiwa ya raba da uwar maƙera, ya koma sana'ar sa baki a abin da ba a tambaye shi ba.

Mijin 'yata ta fari ma'aikaci ne, mai hankali, mai kunya. Shekara takwas bai taɓa gaishe ni a tsaye ba. Aibinsa ɗaya, mota. Ya sayi wata tsohuwa 'yar Kwatano mai ƙofa biyu, gajeriya har sai ka yi ruku'u kafin ka shiga, da tabo a jikin injinta, wato abin nan da ke hura mata iska don ta ƙara gudu. Bai ga hurin ya ishe shi ba, ya sa aka ƙara. Wata Lahadi a hanyar Jos fistin biyu suka narke, aka jawo ta gari da igiya kamar saniyar da ta ƙi kasuwa.

Shekara guda ta yi a rufe da tamfol a garejin abokina a Fadaman Mada. Bakanike ne, tare muka tashi, shi ya gama aji bakwai, kuma har yau bai bar ni na manta ba. A shekarar nan surukina ya tara abin da zai tara, 'yata ma ta haƙura da keken ɗinkin da ya yi mata alkawari. Suka sayi fistin huɗu da kwanrod huɗu, wato sandunan da ke riƙe fistin, sababbi daga waje. Duk sauran kayan na hannu ne, an tsinto su rumfa-rumfa. Idan waɗannan takwas ɗin suka lalace, babu na sayen wasu. Wannan kowa ya sani, har ni.

Ranar da kwalin ya iso ina zaune a garejin, don kusan kullum can nake wuni. Na ɗauki fistin ɗaya, na juya shi, na ƙwanƙwasa da farce.

"Ajiye, ɗan aji huɗu," in ji abokina. "Ba fartanya ba ce."

"Wannan bugu ne, ba zubi ba," na ce.

Surukina ya ɗago kai da mamaki ya ce, "Haka ne, Baba. Abin da ya sa ya yi tsada ke nan."

Na gyara zama. Na yi musu bayanin da ba su nema ba: zubi shi ne ka narka ka kwarara a mazubi, kamar tukunyar biki, in ta faɗi ta tsage. Bugu shi ne ka matse ƙarfe da ƙarfin tsiya har naman cikinsa ya haɗe. Abokina ya ce an gode, za a aiko min da takardar shaida.

A ƙasan kwalin akwai 'yar takarda. Ya duba ta sama-sama ya jefar kan benci, ya ce takardar Turawa ce, shi shekara arba'in yana haɗa inji, hannunsa ya fi takarda. Na ɗauka na sa a aljihu. Kwana biyu ina fama da ita da tabarau, ina bin kalmomi da yatsa. Abin da na iya tsinta shi ne irin wannan fistin yana kumbura sosai in ya ji zafi, don haka yana son ramin da ya ɗan fi na kullum faɗi, ga kuma lambar faɗin an rubuta. Wannan kuwa ban bukaci Bature ya gaya min ba. Duk wanda ya taɓa saka zobe a bakin taɓarya ya san ƙarfe mai zafi da ƙarfe mai sanyi ba girmansu ɗaya ba.

Sai aka zo kai bulon injin wajen mai gurza ramuka a Wunti. Surukina yana ofis, abokina yana ƙarƙashin wata mota, ni ne marar aiki. Aka ɗora min bulo da fistin a Keke, da saƙo: a gurza daidai, kamar kullum. Da na isa, na isar da gaisuwa, na riƙe saƙon. Na miƙa takarda na ce ga abin da aka ce a bi.

Mai gurza ya duba ya ce, "Baba, wannan ya ɗan yi yawa fa. Oga ne ya ce?"

Na ce, "Daga sama aka ce." Ban yi ƙarya ba, takardar ai a jirgi ta zo.

Tun a Keke, a hanyar komowa, takardar a aljihuna, na fara da-na-sani. Abin da aka gurza ba ya komawa. Ranar haɗi abokina ya zura fistin na farko, ya tsaya, ya sake zurawa.

"Kamar ya yi sako-sako."

"Hannunka ne ya yi sako-sako, tsufa ne," na ce, ina kallon wani waje.

Kwana tara aka yi ana haɗawa, don abokina ba ya gaggawa sai wajen cin tsire. A kwanakin nan tuwo ya daina yi min daɗi. Ba zagin abokina nake tsoro ba, na saba. Surukina nake tsoro. Da zai iya ɗaga min murya da sauƙi. Amma na san abin da zai yi: zai durƙusa ya ce ba komai, Baba, ƙaddara ce, ya tafi gida ya zauna, 'yata ta kalle shi, ta kalli gurbin da aka ware wa keken ɗinki.

Ranar tayarwa Asabar ce da hantsi, an kwana ana ruwa, gari da sanyi. Aka zuba baƙin mai, aka cika lagireto. Surukina ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta kama. Sai kuma muka ji: kaf-kaf-kaf-kaf, kamar ana dakan ƙarfe a cikin gwangwani.

Abokina ya dubi injin, ya dube ni. Shekara sittin ya san fuskata.

"Kai! Me ka gaya wa mai gurza?"

Na zaro takardar. Surukina ya kai hannu zai kashe, fuskarsa ta yi fari fat, ya buɗe baki, kuma wallahi abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Ba..."

"Kada ka kashe!" na ce. "Bar ta a silo ta ji ɗumi. In allurar zafi ta hau ba ta yi shiru ba, ku ɗaure ni a bayanta ku ja."

"Igiyar tana nan," in ji abokina. Amma ya duba fitilar mai, ya ga ta mutu yadda ake so, ya kara dogon sukudireba a jikin bulo ya sa kunne. Bai ce a kashe ba.

Ban san minti nawa muka yi ba. Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Allura ta motsa. Kaf-kaf ta koma taf-taf. Ta koma kamar agogon bango a ɗakin maƙwabci. Can sai na nemi ƙarar na rasa, sai gurnani mai laushi, salansa tana fitar da ɗan tururi. Surukina ya taɓa totur kaɗan, ta amsa kamar an taka wutsiyar damisa.

Abokina ya ƙwace takardar, ya karanta ta a tsanake a karon farko, leɓensa yana motsi. Ya kai ƙasa, inda ni ban kai ba.

"Ga shi ma sun rubuta za ta yi ƙara da sanyi. Kai ba ka karanta nan ba?"

"Nan aji biyar ne," na ce.

Duk da haka bai sallame ni ba. Ya ce ƙara takan ɓoye, mai ne ba ya ƙarya. A bi da ita a hankali mako guda, a dawo a juye man, in akwai garin ƙarfe a ciki to fistin suna cin bango. Na ƙara mako ina tauna tuwo kamar magani.

Asabar ta zagayo, aka kwance, baƙin mai ya tsiyaya a wani tsohon faranti. Abokina ya fita da shi rana, ya karkata, ya tsoma yatsu biyu ya murza, ya ɗaga su yana neman ƙyalli. Ya sake murzawa. Ya daɗe fiye da yadda ya kamata, da gangan, na san shi.

"Tas," ya ce. "Allah ne ya rufa maka asiri, ba ilimi ba."

Na zauna daɓas a kan wata tsohuwar taya. Surukina ya kira matarsa a waya, ina jin guɗarta daga inda nake, sannan ya durƙusa ya miƙo min, ya ce tana tambaya me za a dafa min.

Na ce a yi komai, amma a yi da yawa.