Kawu Iro da Baƙonsa na Sama

Duk wanda ya san Kawu Iro, yayan mahaifiyata, ya san shi tsaye a tsakiyar gonarsa ta masara a Tsiga, rediyo rataye a wuya, yana nuna sama da muciya. Wallahi muciyar tuwon matarsa ce, Inna Rabi! Ɗauke ta ya yi, ya ɗaɗɗaura mata ƙarafan tsohuwar lema, wai eriya.

"Malam, ina muciyata?"

"Ta samu ƙarin girma, Rabi. Aikin sama take yi yanzu."

Tsohon ma'aikacin gidan waya ne a Funtua, tun zamanin da ake aika saƙo da ƙwanƙwasa, gajera da doguwa, abin da yake kira yaren Mos. Bayan ya yi ritaya sai ya gano wani ɗan tauraron ɗan'adam da ɗaliban wata ƙasa suka harba, wai bai fi kwalin shayi ba, yana ratsa samanmu yana ɗit-ɗit-daa da wannan yaren. Shi ke nan, Kawu ya yi baƙo. Rediyonsa ji kawai take yi, ba ta aika komai, amma da ya ji kukan sai ya ɗaga murya: "Wa alaikumus salam! An zo lafiya?"

Na ce, "Kawu, ai ba ya jin ka."

"To sai me? A yi sallama a kan gonarka ka yi shiru? Wa ya rene ka?"

Wata shekara ruwa ya yi jinkiri, manoma suka taso har daga Dayi. "Malam Iro, me abin ya ce? Mu yi shuka?" Kawu ya kasa kunne, fuska a murtuke, can ya nisa. "Ya ce batirinsa da sauƙi, sai dai yana jin sanyi." Kai, ranar ya sha tsaki!

Ranar ɗaurin aurena kuwa shi ne wakilina. Liman ya ja addu'a, Kawu ya duba agogo ya matsa kusa da shi: "Allah gafarta Malam, a shafa haka nan, baƙona ya kusa wucewa."

Mu dariya muke yi, shi kuwa abu ɗaya ke cin ransa: in ya mutu, wa zai amsa? 'Ya'yansa suka zille, ni ya kama yana koya mini yaren Mos. Ko tuwo ba na ci lafiya, sai ya ƙwanƙwasa kwano da cokali na faɗi harafin tukuna.

Ranar sadakar ukunsa muna zaune a zaure, sai ga Inna Rabi a bakin ƙofa da muciyar da rediyon. Na ce a raina, yau dai muciya za ta koma madafa. Sai ta miƙo mini.

"Tashi, Sani, lokaci ya yi. Kada baƙon Malam ya zo ya tarar ba kowa."

Na shiga gonar na ɗaga muciya. Ga shi nan kuwa, ɗit-ɗit-daa. Na amsa masa, hawaye na zuba.

Allah Ya jiƙan Kawu Iro. Yadda bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, Allah Ya sa a tarbe shi da ita.