Pa Wirngo, Bakaniken da Ya Kai Mota Ndarkwi

Da ƙarfe shida na safe, tun gajimare bai gama ɗagawa daga kan kwanukan Nguroje ba, Pa Wirngo Tatah yake fitowa sanye da rigar sanyi biyu, kofin shayi a hannu, ya nufi garejinsa da ke bayan tasha. Ba ya gaggawa. Sai ya zagaya motocin da suka kwana a wurinsa ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ko wata ta zubar da mai ko ruwa. Daga nan ya shimfiɗa buhunsa, ya jera sifanu, ya yi gajeriyar addu'a, ya shige ƙarƙashin ta farko. Har azahar ƙafafunsa kaɗai ake gani. Akwai matan da suka shekara goma suna kawo fiya da ayaba tasha, sun san takalman robarsa sarai, amma da za su haɗu da shi a kasuwa ba za su gane fuskarsa ba.

Shekara arba'in da biyu ke nan yana wannan aiki, kuma tsofaffin motoci ƙirar Landiroba kaɗai yake taɓawa. Sababbin motoci suna hawowa Mambila, har Gembu suna zuwa da ƙyallinsu, amma da zarar an bar kwalta a watan Agusta, tsofaffin nan ne ke da magana. Yawancinsu sun girmi direbobinsu. Kayan gyaransu ba a shago suke ba, suna bayan garejin Pa Wirngo, inda ya tara gawarwakin motoci, yana ciro giya daga wannan, sifirin daga waccan, har matattu uku su haifar da rayayya ɗaya. Direbobi suna da labaransa da yawa, amma wanda kowa ya fi so a maimaita shi ne na Ndarkwi.

Ndarkwi ƙauye ne a gindin tsauni, wanda har shekara goma sha ɗaya da suka wuce mota ba ta taɓa shiga ba. Mara lafiya sai a ɗora shi a makara, maza huɗu su yi awa huɗu suna hawa da shi. A shekarar ofishin lafiya ya ce zai buɗe ƙaramin asibiti a yankin, da ma'aikaciyar jinya da firjin allurar rigakafi, amma da sharaɗin mota ta iya shiga ta fita ko da tsakiyar damina. Likita zai zo da kansa a watan Agusta ya gani. Idan ba ta yiwu ba, asibitin ya tafi wani gari.

Mutanen Ndarkwi suka fito da fartanya da diga, maza da mata, suka sassaƙa hanya a jikin tsaunin. Hanya ta samu, amma direba ko ɗaya bai yarda ya sa motarsa a kanta ba. Sai Mama Tabita Ngeya, shugabar ƙungiyar matan ƙauyen, ta tako har Nguroje. Ita ce wadda matar ɗanta ta rasu a kan makara, a tsakiyar hawan nan, da ciki wata tara. Ta tsaya kusa da ƙafafun Pa Wirngo har ya fito daga ƙarƙashin mota, ta faɗa masa abin da ke tafe da ita. Ya ce shi gyara yake yi, ba shi da mota. Ta ce ta sani, amma a bayan cocin garin nan akwai wata da 'yan mishan suka bari, kuma ta riga ta roƙi fasto ya ba su.

Ya san motar. Shekara goma sha tara tana zaune ƙarƙashin itacen fiya, tayoyi sun nutse, kajin fasto suna ƙwai a kujerar direba. Ya goge hannu da tsumma, sannan ya tambaye ta wata nawa ya rage. Ta ce biyar.

"To, Mama, ki koma gida," in ji shi. "Ki gaya musu kada su ajiye diga, zan zo in ga hanyar da ƙafata."

Hamanjoda, tsohon direba kuma abokin tsokanarsa na shekaru, shi ya jawo motar da igiya zuwa gareji, yana dariya tun daga coci har tasha. Ya tara direbobi su zo su ga ikon Allah, wai Pa ya tsufa ya koma kiwon kaji.

"Pa, wannan akurki ne, ba mota ba," ya ce masa. "Ranar da ya tashi, ni Hamanjoda zan bi shi da gudu ina cara."

Pa Wirngo ya ce ya fara koyon carar tun yanzu, domin muryarsa ba ta da daɗi. Daga ranar sunan Akurki ya bi motar.

Bodin alminiyam ne, bai yi tsatsa ba, amma shasi, ƙarfen da bodin ke zaune a kai, ya ruɓe ta baya, sai da ya yanke ya yi walda da sabon ƙarfe. Injin ya ƙame ƙam. Ya jiƙa shi da kananzir mako biyu, kullum ya ɗan juya shi da hannu, har ya saki. Giya ya ciro daga wata da ta faɗa kwari shekarun baya. Wasu ƙananan kayan inji sai da ya hau acaɓa ya tsallaka iyaka zuwa Banso, garin iyayensa, ya samo su wurin wani tsohon bakanike. Kowace ranar kasuwa matan Ndarkwi sukan hawo masa da garin masara da ganyen kumbi na miya, su leƙa motar, su koma. Matarsa, Mami Kinyuy, ta ce a watannin nan har a kan tuwo zancen giya yake yi.

Sau uku ya taka hanyar da ƙafa, sauka da hawa. Ya nuna inda za a zuba dutse, da inda za a haƙa wa ruwa magudana. A wata kwana mai tsanani da ake kira Gwiwa, inda kwari yake a hannun hagu, ya sa aka binne gungumen zaiti guda biyu har zurfin ƙirjin mutum. Samarin ƙauyen suka tambayi amfaninsu, ya ce Allah ya sa kada a ga amfaninsu.

A ƙarshen Yuli Akurki ta yi tari sau biyu, ta fesa baƙin hayaƙi haɗe da gashin kaji, ta tashi. Hamanjoda ya ce tashi daban, tafiya daban.

Kwana uku kafin ranar zuwan likita aka soma ruwa ba tsayawa. Dokta Sa'adu ya iso bakin gangaren da farar motar ofis sabuwa fil. Direbansa ya sauka, ya dubi jan laka yana sheƙi kamar an shafa man ja, ya ce ko za a kore shi daga aiki ba zai gangara ba. Likitan mutum ne mai adalci. Ya ce ransa bai so ba, amma abin da ya gani shi zai rubuta. Pa Wirngo ya buɗe masa ƙofar Akurki ya ce ai bai ga komai ba tukuna. Ana cikin haka sai ga Hamanjoda ya iso da sarƙoƙin taya da igiya a kafaɗa, ba wanda ya kira shi. Ya ce ya zo ne kawai don kada a ba shi labari. Shi ya ɗaura sarƙoƙin da hannunsa, ya haye baya.

Suka gangara a hankali, mota tana jan ciki. A gindin tsaunin rafi ya cika ya yi ja. Pa Wirngo, mai shekara sittin a lokacin, ya naɗe wando ya shiga ruwan da sanda, ya auna shi da jikinsa har ɗaya gaɓar, ya dawo haƙoransa suna kaɗawa. Ya rufe gaban motar da buhu, ya shiga, ya ratsa ruwa yana bugun ƙofa. Da suka ɓullo ta cikin gonakin masara, Ndarkwi gaba ɗaya ta kwaso da gudu. Tsofaffi suna shafa bodin, mata suna guɗa, wani dattijo ya cire hula ya gaida motar kafin ya gaida likita.

Dokta Sa'adu ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya ce sauka ba ita ce magana ba, domin mara lafiya hawa yake buƙata. Mama Tabita ta ce gaskiya ne, kuma ita ce mara lafiyar. Ta shimfiɗa zane a bayan motar ta kwanta.

Hawan ya tafi daidai har Gwiwa. A nan ƙasa ta zame. Bayan motar ya karkata hagu, ya ci gaba da karkata, har tayar baya ta tsaya taƙi ɗaya daga bakin kwari. Pa Wirngo ya danne birki, ya riƙe sitiyari, gumi yana zubo masa cikin sanyin nan. Likita ya kai hannu ga ƙofa.

"Dokta, in ka sauka me za ka rubuta?" Pa Wirngo ya tambaye shi, idonsa a kan hanya.

Daga baya muryar Mama Tabita ta fito: "Ɗana, mara lafiya bai sauka ba, likita ne zai sauka?"

Dokta Sa'adu ya janye hannunsa. Hamanjoda ya sulale ta dama, ya rarrafa cikin laka da igiya a baki, ya ɗaure ƙugun motar a gungumen zaitin nan. Mutanen ƙauye da suka biyo su a ƙafa suka cusa duwatsu ƙarƙashin tayoyi. Pa Wirngo ya saka ƙaramar giya, ya ba ta wuta kaɗan kaɗan, kamar mai lallashin jinjiri. Sarƙoƙi suka ciji dutse, igiya ta miƙe tana kuka, Akurki ta girgiza, ta dawo kan hanya. Daga nan ba ta sake tsayawa ba sai a saman tsauni, kusa da farar motar ofis.

Likita ya sauko. Ya karɓi takardarsa, ya ɗora a kan bonet mai zafi, ya sa hannu. Hamanjoda kuwa, laka tun daga gira har ƙafa, ya hau kan dutse ya buɗe hannuwa ya yi cara sau uku, jama'a suna faɗuwa don dariya. Mama Tabita kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tambayi direban ofis minti nawa suka yi a hawan, ya ce arba'in. Ta juya ta dubi gangaren, ta rufe fuska da zane.

Da shekara ta zagayo aka buɗe asibitin. An yi jawabai, an gode wa manya ɗaya bayan ɗaya, ba a ambaci sunan Pa Wirngo ba. Shi ma bai je ba, yana da motar dankali da kulocinta ya ƙone.

To, yau mu mun ambace ka, Pa. Kai ne ka ɗauki abin da kowa ya yanke wa ƙauna ka mayar da shi hanyar rai. Kai ne ba ka taɓa sallamar mota da birki mai shakka ba, ko da mai ita yana zaginka don sauri. Maigidan ƙarfe, mai haƙurin damina! A Ndarkwi yanzu akwai yara uku masu suna Wirngo, kuma ba ɗaya daga cikinsu da asalinsa Banso ne irin naka. Makarar nan tana rataye a bayan asibiti, an shanya wake a kanta.

Gwiwoyinsa sun ce ya isa. Ranar Asabar da ta wuce ya miƙa gareji ga mutum biyu cikin waɗanda ya koya wa aiki, dukansu magidanta. Direbobi suka haɗa baki ba tare da ya sani ba: Landiroba ashirin da shida, duk waɗanda hannunsa ya tayar, suka jeru daga tasha har ƙofar gidansa, an wanke su, an ɗaura musu ganyen ayaba, suna busa ƙaho tare. Ya fito ya tsaya yana kallonsu.

Mun gode, Pa Wirngo. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma samarin da ke ganin baƙin mai a hannu abin kunya ne, ku je bayan tasha ku koyi aiki, ku koyi yin sa da gaskiya. Duk garin da yake da irin wannan mutum, ya gode masa tun yana ji.

A ranar Asabar ɗin, bayan jama'a sun watse, Pa Wirngo ya buɗe rumfar da ke bayan gida, ya fito da wata koriyar Landiroba da ya shekara shida yana haɗawa a ranakun hutu, ta farko da ya taɓa mallaka. Ya tsaya a ƙofar kicin ya kira Mami Kinyuy. Ta fito tana goge hannu, ta tambaye shi waye ba shi da lafiya. Ya ce kowa lafiya. Ta ce to kayan wa za a ɗauko, kuma ina za su.

"Ba kaya, ba mai jiranmu," in ji shi. "Shiga kawai, Mami. Yau yawo za mu."

Ta koma ciki ta ɗaura sabon ɗankwali. An gan su a kan tudun da ke kallon gonar shayi, gilashi a buɗe, suna tafiya a hankali.