Ɓargon Ƙanwata a Kan Gilashi

Ƙanwata ba ta bar hoto ba. Guda ɗaya da muke da shi yana cikin wayar Baba, wayar kuma ta tafi ranar da ɓarayi suka tare su Baba a hanyar Ruma.

Tana 'yar shekara shida ciwon ya fara, da damina, a gidanmu na Karare. Zazzaɓi, sai tabo baƙi-baƙi a ƙafafu. Inna ta ce mataccen jini ne, aka kira wanzami ya kafa mata ƙaho. Jinin ya ƙi tsayawa. Daga asibitin Batsari aka tura mu na Katsina, likitoci suka zuƙi ɓargonta da allura, suka ce sankarar jini ce. Tana kuka tana tsokanata: "Yaya, kai da ba a soka ba, me ya sa kake rufe ido?" Kafin a yanke gero ta rasu.

Da na shiga jami'a, wata rana malaminmu ya ce ƙwayoyin jinin da ke kare jiki kowace takan yayyanka wani sashe na ƙwayoyin gadonta, ta sake haɗawa, har ta sami alamar da ba ta kowa ba. Idan guda ta lalace ta yi ta hayayyafa, duk zuriyarta da alamar nan suke fitowa. Ya ƙara da cewa asibitoci kan adana gilashin da aka shafa ɓargo a kai. Ban ji sauran darasin ba.

Sai da hutu na iya zuwa asibitin Katsina. Na daɗe a ƙofar ɗakin gwaji kafin wata ma'aikaciya ta leƙo.

"Malam, gadi ka zo yi mana?"

Na faɗa mata abin da nake nema. Ta daina dariya. Ta ɗauki lokaci tana bincike, sannan ta ɗora gilashin ƙanwata a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ta ce in leƙa.

Ƙwayoyi ne masu ruwan shuni, a cunkushe, duk kamarsu ɗaya. Su suka kashe ta, kuma daga jikinta suke.

"Hajiya, alamar fa?"

"Wannan madubin ba ya nuna ta. Sai an tura wani wuri, nata kuwa ba a tura ba."

"Zan iya tafiya da shi?"

"Na asibiti ne, ƙanena. Amma ka riƙa zuwa."

Ina zuwa duk hutu. Inna ce ban faɗa wa ba tukuna. Na san za ta ce in kai ta, kuma ban san abin da zan ce mata tana kallo ba.