Tsummoki Tara na Halliru Mai Turare

Halliru ɗan Attahiru, wanda duk Illela ta sani da Halliru Mai Turare, ya amsa kiran Ubangijinsa da hantsin ranar Alhamis, huɗu ga watan Muharram na shekarar 1353, bayan kwana biyar yana fama da sanƙarau. Mun yi masa sutura kafin la'asar. Allah ne Ya ba mu shi, kuma wurinSa dukanmu za mu tattaru. Ni Maharazu, mai rubuta wa fatake wasiƙu a bakin zango, na rubuta wannan yau Asabar domin a karanta wurin addu'ar uku. 

Halliru, yara da baƙi suna tsammani itatuwan turaren nan sittin da huɗu da ke jere a zango tun asali suke nan. Bari in gaya musu. Shekara goma sha biyar ke nan da Baturen gandun daji ya zo daga Sakkwato da ɗan gwangwani a aljihu, ya nemi wanda ya fi kowa iya hawan itace. Aka nuna ka, domin a lokacin sana'arka ke nan, saro wa masu kiwo ganyen gawo. Ya buɗe gwangwanin, muka leƙa, muka ga wani abu kamar garin taba. Tafinta ya ce iri ne, kuma kowane ƙwaya ɗaya zai yi itacen da ya fi rimi tsawo. Ni na fara yin dariya, ban manta ba.

Kai ba ka yi dariya ba. Tambaya ɗaya ka yi: a garinsu, a ina itacen yake fita? Tafinta ya ce wata ƙasa ce can bayan teku, gabas da gabas, inda yake bin gaɓar koguna masu cika su malala wata shekara, su ƙafe ƙaf wata shekara. Da jin haka ka ƙi tudun da aka nuna maka, ka ce sai bakin fadama, bayan zango. Rani biyu kana jigilar ruwa a tulu. Gara ta ci fiye da rabin dashen, ka koma kana zuba toka a gindin kowane ɗaya, kana kewaye shi da ƙaya. Da muka tsokane ka muka ce ka samu 'ya'yan da ba sa kuka, sai ka ce mu bari su girma tukuna.

Suka girma, ba irin girman itatuwanmu ba. Suka miƙe sambal, farare, masu santsi, har masu zuwa daga Ƙonni suna hango kawunansu kafin su hango gari. Kowace shekara suna tuɓe ɓawonsu su zubar, sabon jiki ya fito fes. Ganyensu siriri ne, rataye yake yi ƙasa, shi ya sa inuwarsu ba ta da kauri. Akuya ba ta cin ganyen, ciyawa ba ta fita a gindinsu, 'ya'yansu ba sa shiga baki. Na sha ce maka dogaye ne marasa amfani. Amma in aka murza ganye ɗaya a tafin hannu, ƙamshin ya wuni tare da mutum, kuma in suka yi fure ƙudan zuma sai su cika zango da gunji. Da ma fatake sun daɗe da ƙone itatuwan da ke wurin, don haka inuwar nan marar kauri ita ta zama inuwar kowa. Masu raƙuma suka sauka a ƙarƙashinta, masu fura suka jera ƙorai, ni ma na ja buzuna na koma can.

Mu mutanen nan da ganye muke sanin lafiyar itace. Reshen tsamiya in zai faɗi sai ya bushe, ya yi shekara yana gargaɗi, kowa ya gani ya kauce. Kai ka fara gane cewa wannan baƙon ba haka yake ba. A shekarar da fara ta cinye gonaki, cikin bazara irin wannan, da azahar, ba iska ko ta kaɗa zare, wani reshe ɗanye shar, mai kaurin cinyar bijimi, ya saki jikinsa. Ƙara ɗaya muka ji kamar ta bindiga. Raƙumin wani Buzu da ke kwance yana tuƙa ko tashi bai yi ba, nan ya mutu da ganye kore a bisa kansa. Jama'a suka ce aljanu ne. Kai ka yini kana juya reshen kana duba inda ya ɓalle, da yamma ka zo ka zauna kusa da ni.

Ka ce, “Malam, iccen ga baƙo na. Can garinsu ruwa na ga ƙahwa tai. Nan in ƙishirwa tak kama shi, sai shi yada hannu guda don shi tsira da sauran.”

Tun daga ranar ba ka sake shiga bazara da kwanciyar rai ba. Da zafi ya fara, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙwanƙwasa gindi da ƙotar gatari, ka kafa kunne, ka ja baya ka ɗaga kai ka daɗe kana duban inda reshe ya haɗu da uwa, ko akwai tsaga, ko jan ƙaro yana tsatsowa. Wanda ka ga ya yi nauyi, ka ɗaura igiya a ƙugu ka hau jikin nan mai santsi da ba wanda ya iya hawa a ƙasar nan sai kai, ka sauke shi a hankali. Doka ta hana kowa sa musu gatari ban da kai, kai kuma ba ka taɓa sa alama a jikinsu ba. Ka ce ko ka shafa gawayi, ɓawon zai tuɓe ya tafi da shi. Duk a kanka kake riƙe su.

Abin da ka saro kuma ba ka kai shi kasuwa ba. Tsofaffin matan da ba su da mai yi musu itace sun san sallamarka. Ɗakin gwauruwar nan Hindatu da damina ta kayar, da rassanka aka sake yi masa rufi, kai da kanka ka ɗauko su a ka. Shekarar da tari ya sa mahaifiyata gaba har muka fara fid da rai, kullum da safe sai ga ka da ɗanyen ganye, ka tsaya a zaure har a tafasa a yi mata sirace, sannan ka tafi. Ka sha zagi kuma. Na ga ranar da ka kori wani madugu daga inuwa da tsakar rana, yana zaginka ta uwa ta uba, kai kana kwashe masa kaya kana ba shi haƙuri. Bayan kwana biyu reshen ya sauko daidai inda ya shimfiɗa tabarmarsa. Bai dawo ya gode maka ba, kai ma ba ka taɓa tayar da maganar ba.

Yanzu na iso inda nake tsoro.

Zazzaɓi ya kama ka ranar Lahadi, ba ka riga ka yi hawan bana ba. Ranar Litinin da safe, wuyanka ya fara sandarewa har ba ka iya ɗaga kai, aka gan ka a zango kana kwanciya rigingine a gindin kowane itace kana kallon sama, ka tashi da rarrafe ka rungumi gindin ka kafa kunne. Kafin azahar ka faɗi, aka ɗauke ka zuwa gida. Ni ina garin Araba ranar, wajen wani suna. Da na dawo ranar Talata, tun a hanya na fara jin raɗe-raɗi: wai an ga jajayen tsummoki ɗaure a jikin itatuwan Halliru, ba wanda ya ga mai ɗaura su, wai da ma an daɗe ana zargin akwai abin da yake yi da su, wai yanzu da ciwo ya kayar da shi gidansa sun koma ga masu bori. Na je na duba. Tsummokin suna nan, kuma na gane zanen da aka yage su daga ciki, tsohon jan zanen matarka Ramatu ne.

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni dominka. A ƙasar Shehu, mutum yana kan gargara a ce an ɗaura wa itace jan ƙyalle saboda shi? Na hango limami yana jan ƙafa wajen sallar gawarka, na hango ana nuna 'ya'yanka da baki a rijiya. Ban tambayi kowa ba. Na jira rana ta faɗi, zango ya watse, na bi da wuƙar fiƙe alƙalami ina yankewa ina cusawa a aljihu, ina sauri ina waige-waige kada a gan ni. Ban dubi ko wane itace ba ne, ƙyallen kawai nake nema. Na kai su gida na jefa a murhu. Har na ji daɗi a raina, na ce na rufa wa abokina asiri.

Ranar Laraba bayan la'asar hankalinka ya dawo na ɗan lokaci. Na shigo, ka kama hannuna da hannunka mai zafi kamar garwashi.

Ka ce, “Malam, ka ga tsummokin da niɗ ɗaura? Tara na. Su ad da nauyi bana, ni ko ba ni iya hawa. Ka hwaɗa ma Sarkin Zango, kar kowa shi zamna ƙarƙashinsu sai an aiko mai hawa daga Sakkwato.”

Halliru, a lokacin kana da baki, kana da hankali. Da na ce maka na kwance su, da ka lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, na kusa da rijiya ne, na uku daga hanyar Garu ne, domin ka san su kamar yatsunka. Kunya ta hana ni faɗa. Na ce, “To.” Na ce a raina gobe in ka ƙara samun sauƙi zan lallaɓa in tambaye ka ta wata hanya. Gobe ta zo, ba ka sake magana ba.

Jama'ar da ke sauraron wannan takarda, ku ji da kyau. Ni Maharazu, ni na kwance su. Halliru bai yi tsafi ba, Ramatu ba ta je wurin kowa ba. Jiya na tambaye ta daga bayan zana, ta ce, “Shi yac ce in ba shi tsohon zanen ga, Malam. Ban tambai mi za shi yi da shi ba.” Mutumin da wuyansa ya ƙi ɗaguwa ya ja jiki ya duba itace sittin da huɗu don kada wani ya mutu bayansa, ni kuma mai lafiya, mai karatu, na shafe aikin cikin abin da bai kai tafasar tukunya ba.

Jiya na koma zango na bi su ina neman sawun ɗauri. Jikinsu santsi ne, bai riƙe komai ba. Biyu na tuna da tabbaci, an kewaye su da ƙaya. Bakwai suna nan tsaye cikin 'yan'uwansu, kore shar, ba abin da ya raba su da sauran. Na ƙwanƙwasa, na kafa kunne kamar yadda kake yi, ban ji komai ba. Sarkin Zango Mukhtari ya tashi mai doki zuwa Sakkwato, amma ko an samu mai hawa ba zai iso ba kafin Alhamis. Na roƙe shi a hana sauka a zango duka. Ya ce, “In kai su ina, Malam? Cikin ranag ga? Nuna min iccen in kewaye shi, amma zango duka ba shi koruwa.” Ban ga laifinsa ba. Kwana uku ke nan ba iska, zafi kuma ƙaruwa yake yi.

Gobe Lahadi, kasuwa ce. Na hana iyalina zuwa, sai kuma na ji kunyar kaina, domin matan Darna da na Garu da ayarin da ya taso daga Ƙonni suna kan hanya yanzu haka, ba wanda ya gaya musu komai. Za su iso a gajiye, su hango inuwa, su sauke kaya su kwantar da jarirai. Zan tsaya a can tun da sassafe in roƙe su ɗaya bayan ɗaya su zauna a rana. Wanda duk ya ci alherin Halliru, ina roƙonsa ya zo ya tsaya tare da ni, domin ba na jin za su saurari mutum ɗaya.

Ramatu, ina yi miki ta'aziyya, ke da 'ya'yanki Yari da Ummu, da ƙannen Halliru da duk dangi na nan da na tsallaken iyaka. Na zarge ki a zuciyata da abin da ba ki yi ba, ki yafe mini in kin iya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya tsaya muku inda shi yake tsayawa.

Allah Ka jiƙan Halliru, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Shi ya sauke amanarsa, ya isar da saƙo ga wanda ya yarda da shi, kada Ka tambaye shi abin da zai faru bayansa, ni za Ka tambaya. Ya Allah, bakwai ne, Kai kaɗai Ka san su yanzu. Ka riƙe su gobe har kasuwa ta watse.