Rabin Kalmar Sirri

Murmushi ake ce masa, saboda tun yana saurayi yake ɗaukar hoto, kuma ko hoton katin shaida ka zo sai ya ce, "A ɗan yi murmushi." Shagonsu ɗaki ɗaya ne: labule shuɗi, kujera mai juyawa, kwamfuta, da babban madubi inda mata ke gyara ɗankwali. Tare suka buɗe shi da amininsa Dogo, tsintsiya ɗaya maɗauri ɗaya.

Da labari ya bazu cewa an kwashe hotunan wata amarya daga kwamfutar wani shago, hankalin Murmushi ya tashi. Duk aikinsu na shekaru yana cikin folda guda, har da hotunan marigayiyar matarsa, waɗanda bai taɓa wankewa ba. Kullum sai ya ce gobe. Gidan mai hoto kuwa ba ya rasa bango fanko.

Suka zauna zaɓen manhajar kulle fayil. Akwai wadda idan ka manta kalmar sirri kamfani zai aiko maka da wata. Murmushi ya ce atafau, ƙofar da baƙo ke riƙe da makullinta ba ƙofa ba ce. Ya zaɓi wadda in ka manta, shi ke nan. Shi ne ma ya kawo dabarar raba kalmar biyu: kowa ya buga rabinsa, ɗan'uwansa ya juya baya. Har alfahari yake yi da wannan a layinsu.

Wata safiya Dogo ya ce zai buɗe nasa shagon a ƙarshen layi. Murmushi ya yi masa fatan alheri, har da taya shi fenti. Bayan nan 'yar Murmushi ta haihu, ta ce, "Baba, ina son hoton Mama in rataya a ɗaki, yarinyar nan ta taso tana ganinta."

Ya je wurin Dogo. Dogo ya sosa ƙeya.

"Wallahi, mutumina, rabin nan nawa ya ɓace mini. Tsufa."

Murmushi ya yarda, har yana ba shi haƙuri. Yana juyawa zai fita sai idonsa ya faɗa kan bango. Ga hotunan da shi ya ɗauka da hannunsa, an jera su a matsayin samfuri, da tambarin Dogo. Ba su da wani mazauni sai cikin foldar nan da ba ta buɗuwa sai da mutum biyu.

"Waɗannan fa?"

"Tsofaffi ne," in ji Dogo, yana goge kyamarar da ba ta da ƙura.

Zuciyar Murmushi ta yi baƙi. Ya gane Dogo na da hotunan matarsa, amma ba zai taɓa bayarwa ba, domin bayarwar amsa laifi ce.

Ya koma shago, ya zauna inda Dogo ya saba zama, ya juya baya yadda Dogo ke yi. Shi Murmushi in ya juya a wurinsa, labule yake kallo. Nan kuwa madubi ne a gabansa, madannan kwamfutar suna ciki tar, ɗaya bayan ɗaya.

Shi ke goge madubin nan kowace safiya.

Wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce. "Baba, na sayi firam. Yaushe zan zo in karɓa?"