Man Birki a Hannun Inna

Kawuna ko aji ɗaya bai taɓa zama ba, amma babu ciwon da bai san maganinsa ba. Ɗan kamasho ne a Gagarawa Tasha. Aikinsa ya daki ƙeyar mota yana ihun "Gumel! Maigatari!" ya cusa fasinja kamar buhunan gero. Wata shekara ya raka wani ma'aikacin lafiya kan iyaka, ya riƙe masa jaka, shi ke nan tun daga ranar ya zama likita. Direbobin Damagaram suna tsokanarsa da "lokotoro", yadda suke kiran likita a can, shi kuwa sai ya gyara zaman hula ya amsa. Ban taɓa ganin wanda ake yi wa dariya yana godiya irinsa ba.

Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa ce. Tun rasuwar babanmu take sayar da tuwo a wata rumfa a bakin tashar. Da tuwon nan ta ciyar da mu, da shi na yi karatu har na zama malamar firamare a Gumel. Direban babbar mota yakan wuce masu abinci da yunwarsa don kawai ya zo ya zauna a bencinta. Ita ke tuƙawa, ita ke kwashewa, ita ke miƙa kwano. Ba ta da wani jari da ya wuce hannunta.

A bayan hannun nan na dama wani ɗan zagaye ya fito mata da damina, mai ƙaiƙayi, gefensa ja-ja yana saɓa. Makero ne, irin wanda ke cin kan yara. Matar da hannunta ke wuni cikin ruwan wanke-wanke, me zai hana? Na ce mata a waya ta jira ni ranar Asabar in kai ta asibiti. Kafin Asabar Kawu ya gani.

"Asibiti a kan wannan ɗan abin? Miƙo nan," in ji shi.

"Yaya, da dai an bari yarinyar ta zo."

"Yarinyar ta fi ni sanin fata ne?"

Inna ba ta taɓa musa wa yayanta ba, ko da kuwa zai ce rana daga yamma take fitowa. Ta miƙa. Ya karɓo gwangwanin man birki a wurin bakanike, ya kankare wurin da murfin kwalba har jini ya tsattsafo, ya tsiyaya. Kuma ba a gida ba, a'a, ina daɗin aiki babu 'yan kallo? A tsakiyar tasha ya yi, gaban masu cin tuwo, yana ɗaga murya: "Ku matsa, ku matsa! Irin wannan ciwon ba a wasa da shi. In aka bar shi yatsu yake ci!"

Yatsu! Makeron da yaro ke yawo da shi a ka yana wasan langa. Don dai a ce ya yi babban aiki ya ƙara wa ciwon girma, kowa kuma ya san ciwon da ke cin yatsu. Kafin magariba kalmar kuturta ta zaga tashar, daga mai faci har mai shayi.

Da na iso na tarar da hannun ya kumbura, ya yi bororo, yana ruwa a cikin tsumma, don kullum da safe sai Kawu ya zo ya ƙara tsiyaya man. Bencin babu kowa. Malmalar tuwo jere a kula sun huce. Makeron kuwa ko a jikinsa, ya tsallake ƙunar ya yi sabon zagaye a wuyan hannu.

A asibiti a Gumel likitan ya kwance tsumman. Ya tambaya wa ya yi wannan aiki.

"Tsautsayi ne, likita," in ji Inna.

"Kawuna ne," na ce, "da man birki."

Ya sa ta rufe ido, yana taɓa zagayen da ɗan zaren auduga, ta riƙa nuna inda ta ji. Ko'ina ta ji. Ya matsa jijiyar gwiwar hannunta, ya ce tabon kuturta ba ya jin taɓi, ba ya kuma irin wannan ƙaiƙayin. Duk da haka ya tura mu ɗakin gwaji. Wata ma'aikaciya ta kankaro ɓurɓushin fata daga gefen zagayen, a hankali, ko jini bai fito ba. Ta ce a gefe cutar take zama tana ci gaba, ta riga ta bar tsakiya. Ta zuba a kan ɗan gilashi, ta ɗiga wani ruwa, ta jira kaɗan, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama abu. Da ta ga na ƙosa sai ta ce in leƙa. Na ga wasu siraran zarurruka masu rassa, sun sarƙe. Ta ce danginsu ɗaya da funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Abin da Kawu ya tara jama'a ya yaƙa ke nan, funfuna.

Aka ba mu ƙwaya da man shafawa, aka yi ta wanke ƙunar. Makeron ya mutu, ƙunar ta warke, amma ta bar tabo fari fat a bayan hannun, mai sheƙi, wanda ko lalle ba ya kama shi da kyau.

Inna ta koma rumfarta. Mutanen da suka shekara suna lashe kwanonta sai su tsaya daga nesa su ce, "Sannu Inna, ya jiki?" su wuce rumfar gaba. Na yi bayani har muryata ta dushe, na ce da idona na ga abin, ba kuturta ba ce. Sai su ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Malama." Kawu kuwa yana can yana bugun ƙirji, wai shi ya kashe ciwon, asibiti gawa suka tarar. Takaici kamar ya kashe ni.

Inna ce ta kawo dabara. Ta ce, "In Yaya ya zauna ya ci a gaban mutane, za su dawo. Ai shi ya ce ya warkar da ni."

Ranar kasuwar Maigatari, lokacin da tasha ke cika, ta tuƙa tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa, abin da ya fi so, ta zuba man shanu. Ta aika aka kira shi. Ya taho da rakiyar direbobi, ya nuna hannun da tsinin biron da yake maƙalawa a aljihu ba ya rubutu da shi. "Ku duba nan! Akwai ɗigon ciwo?"

"Babu, lokotoro!" suka ce, suna dariya.

"Bismilla, Yaya," in ji Inna, ta miƙa masa kwano da hannu biyu.

Ya dubi tuwon, ya dubi tabon. Kowa ya zuba masa ido. Sai ya shafa ciki ya ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake, yanzun nan na sha fura."

Da la'asar ga shi a rumfar gaba, ya naɗe hannun riga yana siɗe yatsu. Na so in je in kifa masa kwanon a ka, Inna ta riƙe mini zani. Ita ma ta gan shi. Ta ja bakin mayafi ta rufe hannun, ta ce in nemo mota, za ta bi ni Gumel.

Muka ɗora tukwane da benci da muciya. Kawu ne ya yi mana lodin, ya daki ƙeyar motar, ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji, ya ce wa direba ya tafi a hankali, 'yar'uwarsa ba ta da lafiya.